Gidan da banki ya ƙwace, mu muka raya shi

Ni da maigidana mun daɗe muna zaman haya a birnin Columbus na jihar Ohio kafin Allah ya nufe mu da mallakar gida. Shi direban babbar mota ne, ni kuma ina kula da tsofaffi a gidan jinya. Samunmu ba wani mai yawa ba ne, amma yana rufa mana asiri. A shekarun 2005 da 2006 bankunan Amurka kusan roƙon mutum suke ya zo ya karɓi bashin gida, kuma abokan aikina da ba su fi ni albashi ba sun tare a manyan gidaje ba tare da sun ajiye wani abin kirki ba. Mu kuwa tun farkon aurenmu mun yi wa juna alkawarin ba za mu ci bashin da ake ɗora wa ruwa ba. Ko an ajiye maganar addini gefe, lissafin kansa abin tsoro ne. Bashin gida a nan yawanci na shekara 30 ne, ruwansa a lokacin yana wajen kashi 6 cikin ɗari, wanda ke nufin kafin mutum ya gama biya ya ba da kuɗin gida biyu da ɗoriya. Sai muka ci gaba da tara ɗan abin da ya samu, muna jin ana ce mana mun tsaya kallon ruwa.

Daga nan komai ya rushe. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, gwamnati ta karɓe ragamar kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, waɗanda su ne ke tsaya wa kusan rabin basussukan gidaje. Ohio ma tun kafin haka ta fara ɗanɗana kuɗarta. Unguwar Slavic Village a Cleveland ta yi suna a duk faɗin ƙasar saboda yawan gidajen da aka ƙwace. A Columbus kuma sai ka bi layi ka ga gida ɗaya da mutane, na kusa da shi an toshe tagoginsa da katako, ciyawa ta kai gwiwa. Wata abokiyar aikina da muke kwanan dare tare ta rasa nata gidan, ta koma ɗaki biyu da 'ya'ya uku. Na ga kukanta da idona, don haka duk lokacin da na ji wani yana maganar "garaɓasar gidaje" sai gabana ya faɗi.

Amma gaskiya ita ce faɗuwar farashin nan ce ta sa kuɗin da muka tara ya zama abin da zai iya sayen gida kuɗi hannu. Wajen ƙarshen 2012 maigida ya ce mu je mu ga wani dattijo da muke salla tare a masallaci, wanda ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana aikin gini a ƙasar nan. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya zaunar da mu ya warware mana yadda abin yake.

A Ohio banki ba ya ƙwace gida da ƙarfin kansa, sai ya bi ta kotu. Idan alƙali ya yanke hukunci, ofishin sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, ne ke sa a kimanta gidan, a kai shi gwanjo, kuma a lokacin ba a fara tayi ƙasa da kashi biyu bisa uku na kimar da aka yi masa. A nan ne ake samun mafi arha, a nan ne kuma ake karya mutane. Ba a ba ka makulli ka shiga ka duba. Wataƙila ma masu gidan ko 'yan haya suna ciki, kuma har sai kotu ta tabbatar da cinikin, mai gidan na da damar biyan bashinsa ya fanshi abinsa. Baba ya dube ni ya ce, "'Yata, wannan fagen na masu kuɗin asara ne. Ku da kuka tara naku da gumi, ku jira gidan da bankin ya riga ya karɓe, ya fitar da shi kasuwa ta hannun dillali. Zai ɗan fi tsada, amma za ku shiga da ƙafarku ku gani." Ya kuma gaya mana cewa gidajen HUD, wato ma'aikatar gidaje ta tarayya, da na Fannie Mae ana ba wanda zai zauna a ciki damar fara tayi na wasu kwanaki kafin a buɗe wa 'yan kasuwa.

Mun ga gidaje da dama a wannan hunturun. Wasu tun daga bakin ƙofa wari zai mayar da kai baya. Wanda muka tsaya a kansa yana arewa maso gabashin gari, ginin shekarun 1950 ne, ɗakuna uku, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa kamar yadda akasarin gidajen yankin suke. Hunturu biyu ya yi ba kowa a ciki. An yanke wuta da ruwa da gas. A kan masai an manna takarda cewa kada a yi amfani da shi, a cikinsa kuma ga wani ruwa mai launin hoda da ake zubawa don kada sanyi ya daskarar da abin da ya rage ya fasa kwanon. Silin ɗin ɗaki ɗaya ya yi taswirar yoyo. Da muka sauka ƙasa da tocila sai muka tarar ɓarayi sun riga mu. Sun yanke duk bututun jan ƙarfe da hannu zai kai, sun farke na'urar sanyaya gida da ke waje sun kwashe cikinta, domin jan ƙarfe na da tsada a wajen masu sayen tsoffin ƙarafa. A jikin bango kuma ga layin da ruwa ya taɓa tsayawa, kusan tsawon kamu biyu daga ƙasa, sama da shi fumfuna ta yi baƙi. Dalilin a fili yake. A ƙasan irin waɗannan gidaje akwai rami da injin da ke zuƙe ruwan da ke tsattsafowa ya fitar da shi waje, to ranar da aka yanke wuta injin ya tsaya, ruwa kuma bai tsaya ba.

Ni dai zuciyata ta karaya. Baba kuwa ko kallon fenti bai yi ba. Ya bi bangon ƙasa yana haska shi kusurwa zuwa kusurwa yana neman tsaga ko inda ya turo ciki, ya soka sukudireba a katakan da ke ɗauke da daɓen sama, ya hau ya leƙa cikin rufi. Da ya sauko ya karkaɗe rigarsa ya ce wa maigida, "Malam, ƙashin gidan nan lafiya lau yake. Duk abin da ya lalace a nan abin da kuɗi da haƙuri ke gyarawa ne."

Banki na sayar da irin wannan gida ne a yadda yake. Akwai takardu masu yawa da za ka sa wa hannu, dukansu magana ɗaya suke maimaitawa: ba mu taɓa zama a ciki ba, ba mu san aibinsa ba, ba za mu gyara komai ba. Saboda haka muka biya ƙwararren mai duba gida da kuɗinmu, duk da Baba ya riga ya gani. Tunda babu ruwa, iska aka hura cikin sauran bututun don a ji inda ke zuba. Aka kuma zura kyamara cikin bututun da ke kai ƙazantar gida zuwa babbar magudanar titi, aka ga na yumɓu ne irin na da, saiwar bishiya ta fara shiga ta mahaɗarsa. Wannan kyamarar ina roƙon duk mai niyyar sayen tsohon gida kada ya yi mata rowa, domin abin da ke binne ƙarƙashin ƙasa ya fi komai cin kuɗi. Kamfanin binciken takardun mallaka kuma ya gano akwai tsohon kuɗin ruwan famfo da kuɗin yankan ciyawa da ke bin gidan. Irin waɗannan basussuka gidan suke bi, duk wanda ya saya ya gaje su. An cire su daga kuɗin banki ranar da aka rufe ciniki, mu kuma muka sayi inshorar takardar mallaka saboda gudun abin da ka iya ɓullowa daga baya.

Dillaliyarmu mace ce mai kirki, kuma ta yi iya ƙoƙarinta ta ga mun sauƙaƙa wa kanmu. Ta kawo mana maganar wani tsarin bashi da FHA, hukumar gwamnati mai lamunce bashin gidaje, ke tsaya wa, mai suna 203(k), wanda ke haɗa kuɗin sayen gida da na gyara wuri guda. Kashi 3.5 cikin ɗari kawai mutum zai ajiye, a riƙe kuɗin gyaran ana sakar wa ɗan kwangila kashi-kashi bayan an duba aiki. Ta ce cikin wata shida sai mu shiga gida kamar sabo, kuɗinmu kuma na aljihunmu. Tsari ne mai ma'ana, kuma na san mutanen da ya yi wa rana. A mota muna komawa na yi shiru, maigida ya ce, "Uwargida, na ga maganar ta shige ki." Na ce, "Ta shige ni, Malam. Yara nake tunani." Ya ce, "Shekarun da muka yi muna haƙuri, a bakin ƙofa za mu zubar da su?" Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai sake ba. Yayana da ke wata jiha ya ranta mana abin da ya cike giɓin, ba ruwa ba wa'adi mai tsauri, Allah ya saka masa da alheri. Muka karɓi makulli a farkon bazarar 2013.

Sharaɗin da Baba ya kafa mana tun kafin mu yi tayi shi ne kada mu zuba duk kuɗinmu a saye, mu bar akalla kashi ɗaya bisa uku domin gyara. Ya kuma tsara mana aikin bi da bi, ya ce ko da wasa kada mu tsallake: rufi, sai hanyar ruwa, sai wuta, sai ɗumama gida, ado ya zo ƙarshe. A ganinsa ruwa ne babban abokin gabar gida, ko ta sama ya zo ko ta ƙasa. Kafin a buga ƙusa ɗaya ma sai da muka nemi inshora ta musamman ta gidan da ba kowa a ciki, wadda ta fi ta yau da kullum tsada sosai, domin inshorar da aka saba ba ta ɗaukar asarar gidan da ya daɗe a rufe.

Rufi muka ba 'yan kwangila, aka yaye tsohon gaba ɗaya aka canza katakan da suka ruɓe. Bututun ruwa aka sa na roba da ake kira PEX, wanda ya fi arha, kuma ɓarawo ba ya kallonsa. Akwatin wutar gidan tsoho ne mai fis, aka sauya shi da na zamani. Duk waɗannan da takardar izinin hukumar birni aka yi su, sufeto ya zo ya duba ya sa hannu. Akwai masu ba mu shawarar mu nemo wanda zai yi a ɓoye da rabin kuɗi. Ni wutar lantarki da gas a gidan da 'ya'yana za su kwana ba abin da zan yi ciniki a kansa ba ne.

Ƙasan gidan kuwa da hannunmu muka yi. Muka sa takunkumi mai tace iska da safar hannu, muka farfasa duk allunan bangon da suka sha ruwa, muka kwashe daddumar da ta ruɓe, muka cika babbar kwantenar shara da muka yi haya. Na kan tashi daga aikin dare in wuce can kai tsaye in yi awa biyu ko uku kafin in je in kwanta. Maigida idan ya dawo daga doguwar tafiya, maimakon hutu sai guduma. Ranakun Asabar samarin masallaci kan zo su taya mu, Baba na zaune a kan bokitin fenti yana ba da umarni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fenti. Sai a 1978 aka hana amfani da fenti mai dalma a gidajen zama a Amurka, namu kuma ya girmi wannan doka da shekaru fiye da ashirin. Gwaji ya nuna akwai ta a jikin tagogi da ƙofofi. Ƙurar dalma na lalata ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kuma illar ba ta warkewa. Autarmu a lokacin ba ta kai shekara uku ba, komai ta samu baki take kaiwa. Tun 2010 doka ta wajabta wa masu gyaran irin waɗannan gidaje su sami horo da takardar shaida, don haka wannan ɓangaren mai takarda muka ba. Aka rufe ɗakuna da leda, aka cire tagogin ƙasa ɗungurungum, ba a goge komai a bushe ba. Yara ba su taka gidan ba sai da aka gama aka wanke, bayan mun tare kuma likita ya gwada jininsu, alhamdu lillahi lafiya. Tayil ɗin ƙasan kicin ma an ce mana irinsa kan ƙunshi asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke illata huhu, muddin bai farfashe ba gara a bar shi a shimfiɗa sabo a kai, haka muka yi.

Watannin nan sun gwada aurenmu. Ga kuɗin haya muna biya, ga gyara na cin kuɗi kullum. Wani mai aikin siminti da ya karɓi kafin alƙalami ya yi rabin aiki ya daina ɗaga waya, sai da muka nemo wani ya ƙarasa. Ni ina so a taɓa kicin ko yaya, in ga wani abu mai kyau da zai ƙarfafa mini gwiwa. Maigida ya dage sai an sa indararo an kuma cika ƙasa a gindin bango yadda ruwan sama zai gangara nesa da gida. Ran nan na fashe da kuka a tsakiyar falon da babu komai sai ƙura, na ce masa duk kuɗinmu na tafiya a abin da ido ba ya gani. Bai yi gardama ba. Washegari ya kai ni shagon ReStore na ƙungiyar Habitat for Humanity, inda ake sayar da kayan gini na hannu da mutane suka bayar kyauta, muka samo kabad-kabad na kicin masu kyau da kwanon wanke-wanke a kuɗi kaɗan. Indararon ma aka sa. Araha ba ta ado, haka ake cewa, amma kicin ɗin nan har yau baƙi na yaba shi.

Akwai wani abu da na daɗe ina juyawa a raina. A ƙofar baya akwai gangare na katako irin wanda ake yi wa keken guragu, a banɗaki kuma an kafa ƙarafan dafawa. Da yake aikina ke nan, kallo ɗaya na san an yi jinya mai tsawo a gidan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta fi shekara arba'in a layin, ita ta ba ni labarin wata rana ina share ƙofar gida. Mata da miji ne, sun kusa gama biyan gidan sai mijin ya sami shanyewar ɓarin jiki. Matar ta bar aiki tana kula da shi. Suka sake jinginar da gidan don biyan asibiti, a kan irin bashin da ruwansa ke tashi bayan 'yan shekaru. Mijin ya rasu, ruwan ya tashi, gidan ya tafi.

Daren nan ban yi barci ba. Na ce ashe a kan hawayen wata baiwar Allah muke gina farin cikinmu. Na kai maganar wajen limaminmu. Ya ce, "Hajiya, ba ku kuka kore ta ba, kuma da kun ƙi saya, ba ita za a mayar wa ba. Cinikinku halal ne. Amma tunda Allah ya sa miki tausayinta, ki nemi hanyar kyautata mata." A cikin rufi mun tsinci wani kwali da masu kwashe kayan banki ba su gani ba, cike da hotuna da takardun makarantar 'ya'yansu da wasiƙu. Maƙwabciyar ta san cocin da matar ke zuwa, ta hannunta muka aika da shi, na haɗa da 'yar takarda cewa muna yi mata fatan alheri kuma za mu riƙe gidan da amana. Bayan wani lokaci amsa ta zo ta bakin tsohuwar. Ta gode, ta ce ba za ta iya zuwa ta ga gidan ba, amma ta ji daɗi da yara ne za su taso a ciki. Ta kuma ce a gaya mini itacen da ke bayan gida tuffa ne, mijinta ya dasa, kada a sare shi don ya yi kama da matacce, aski kawai yake so a ƙarshen hunturu. Baba ya nuna wa maigida yadda ake yi, kuma itacen ya farfaɗo. Gangaren ma ba mu cire ba, katakan da suka ruɓe muka canza.

Mun tare kafin sanyi ya shigo, da bango ba fenti a ɗakuna biyu da labule a madadin ƙofar ɗaki ɗaya. A farkon Janairun 2014 aka yi wani sanyi da aka daɗe ba a ga irinsa ba a wannan yanki, har aka rufe makarantu. Sabuwar na'urar ɗumama gida ta yi ta aiki dare da rana. Muka buɗe kabad ɗin ƙarƙashin kwanon wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu, muka bar famfo na ɗiga. Gidaje da yawa a garin bututunsu ya fashe a makon nan, namu bai fashe ba, da ƙanƙara ta narke kuma ƙasan gida ya zauna a bushe. A wannan hunturun ne kuma muka yi gwajin radon, wata iska mai guba marar wari da ke fitowa daga ƙasa, wadda tsakiyar Ohio ta yi ƙaurin suna da ita. Awon ya wuce 4, matakin da hukumar kare muhalli ta EPA ta ce a ɗauki mataki, sai aka sa bututu da fanka mai fitar da ita ta saman rufi.

Idan aka haɗa abin da gyara ya ci, ya wuce kashi ɗaya bisa ukun da muka ware, ya kusa kamo kuɗin sayen gidan kansa. Ko banki ba ya bin mutum bashi, harajin gida na nan sau biyu a shekara, ga inshora, kuma tsohon gida ba ya daina neman hannu. Duk da haka cikin 'yan shekaru muka biya Yaya kuɗinsa, tun daga ranar kuma ba wanda ke bin mu ko dala ɗaya a kan inda muke kwana. Lokacin annobar korona a 2020, da aikin maigida ya yi baya na wasu watanni, wannan ne ya sa ba mu shiga halin da wasu suka shiga ba.

Yanzu kasuwar Columbus ta canza ƙwarai. Gidajen da banki ya ƙwace sun yi ƙaranci, farashi ya haura, kamfanoni masu kuɗi a hannu kan riga talaka kaiwa ga wanda ya fito. Ƙananan ma'aurata kan zo gidanmu neman shawara, maigida ya ɗauki tocilar da Baba ya bar masa ya raka su duba gida, ya fara da ƙasa kamar yadda aka koya masa. Sau da yawa yakan dawo ya ce ya hana su, domin bango ya turo ko kuɗinsu ba zai bar musu na gyara ba. Bututun yumɓun nan da kyamara ta nuna mana ya yi mana kawaici shekaru kafin ya toshe gaba ɗaya, aka haƙa tsakar gida aka sa sabo da kuɗin da muka daɗe muna ware masa. Bana kuma tagogin sama muke tara wa, su kaɗai suka rage daga cikin jerin da Baba ya rubuta mana.